Likitan da BBC ta haifa ta kuma kore shi, da abin da ya haɗa shi da rijiyar Kusugu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau zancen wani shirin talabijin na Ingila zan yi, mai suna Doctor Who. Na san wasu za su ce, "Malam, me ya haɗa mu da wannan a Daura?" Ku ɗan yi haƙuri, za mu iso gida, har Jos ma za mu biya.

BBC ta fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963. Jarumin wani baƙon halitta ne daga wata duniyar, ana ce masa Doctor, wato Likita, ko da yake ba allura yake yi ba. Yana da wani shuɗin akwati irin rumfar wayar 'yan sandan Ingila ta da, sunansa TARDIS, cikinsa ya fi wajensa girma, da shi yake tafiya zamanin da ya wuce ko wanda bai zo ba. Dabarar da ta sa shirin ya daɗe ita ce: a 1966 wanda ya fara fitowa a Likitan, William Hartnell, lafiya ta gaza masa, sai marubuta suka ce ai wannan halittar idan jikinta ya gaji sabon jiki take yi. Patrick Troughton ya karɓa. Tun daga nan ake ƙirga su kamar jerin sarakuna, na ɗaya, na biyu, na uku.

To inda akwai jerin sarakuna, akwai waɗanda suka sa rawani amma ba a ƙirga su. Su nake so mu duba.

Na farko Peter Cushing. A 1965 da 1966 an yi finafinan silima guda biyu masu kala, ya fito a matsayin Dr. Who. Amma nasa ɗan Adam ne, wani tsoho mai ƙere-ƙere da ya haɗa na'urarsa a bayan gida, yana yawo da jikokinsa. Da izinin BBC aka yi, amma ba ya cikin lissafi. Sai kuma wanda kowa ya sani a nan, Rowan Atkinson, Mista Bin dai, wanda ya yi Likitan a wani gajeren wasan barkwanci na tara kuɗin agaji a 1999.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Richard E. Grant. An dakatar da shirin a 1989, in ban da fim ɗaya a 1996, shiru kake ji. Da shekara 40 ta zagayo a 2003, sashen intanet na BBC ya shirya zane mai motsi kashi 6, Scream of the Shalka, aka sanar cewa Grant ne Likita na tara, na gaskiya, ba wasa ba. Abokiyar tafiyarsa a labarin Sophie Okonedo ce ta yi muryarta, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne. Sai me? A watan Satumba, kafin ma a saki zanen a Nuwamba, BBC ta sanar cewa shirin zai dawo talabijin. Da ya dawo a 2005, Christopher Eccleston aka kira na tara. Ka ga an naɗa mutum an tuɓe shi kafin ya shiga fada. Shekara 21 bayan nan, a 2024, aka ɗan haska fuskarsa cikin fuskokin tsofaffin Likitoci a wani kashi, masoya suka yi ta murna kamar an mayar da korarren sarki.

Yanzu ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Ita BBC mai cewa wannan na gaskiya ne wancan ba na gaskiya ba, ita da kanta ta goge na gaskiyar. A shekarun 1960 da 1970 faifan ɗauka yana da tsada, sai a goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kai. Aka wayi gari fiye da kashi ɗari na farkon shirin babu su. Su wa suka cece su? Yara masoya da suke kanga rakoda a jikin talabijin suna naɗar murya ba da izinin kowa ba. Saboda su ne muryar kowane kashi da ya ɓace take nan, kuma da ita BBC ta riƙa sake gina wasu da zane.

Sannan Jos. A da BBC tana sayar wa tashoshin ƙasashen waje kwafin shirin a fim. A Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya samo gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Kashi 9 a ciki duniya ta riga ta fid da rai da su, daga labarai biyu na zamanin Troughton, The Enemy of the World da The Web of Fear. Ɓatattu suka sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Wato ƙurar Filato ta riƙe abin da Landan ta zubar. Kuma marubucin kashin 2025 da aka gina labarinsa a shagon aski a Legas, Inua Ellams, a Jos ɗin aka haife shi.

To mu dawo gida. Mu ma muna da jarumin da ya daɗe ana ba da labarinsa, ya ma fi Likitan daɗewa nesa ba kusa ba. Bayajidda. Wanda muka tashi da shi: ya fito daga Bagadaza, ya zauna Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama, aka haifi Bawo. Wannan shi ne na fada, shi ake gaya wa baƙo idan ya zo ganin rijiyar.

Amma akwai waɗanda ba a so a ƙirga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo ruwayar da ke cewa Bawo bawan sarkin Borno ne. Wasu Turawan masu bincike sun danganta sunan Bayajidda da Abu Yazid, wani ɗan tawaye na Arewacin Afirka da aka kashe a 947. Shi kuwa Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi jayayya da ɗaukar labarin a matsayin tarihin asalin Hausawa gaba ɗaya. Ka faɗi ɗaya daga cikin waɗannan a majalisar shayi a Daura ka ga yadda fuska ke canzawa.

Kuma ina ganin suna da dalilin jin zafi. Likita kayan kamfani ne, in an tuɓe Grant ba wanda ya rasa kakansa. Bayajidda kuwa akwai gidajen sarauta da ke jingine da shi. Don haka ban yarda da mai cewa duk tatsuniya ce, a yi yadda aka ga dama ba. Amma ban yarda kuma da mai cewa ruwaya ɗaya ce tak ba, alhali ga ta Bello a rubuce fiye da shekara 200 da suka wuce.

Ina ganin yaranmu masu zane a waya da masu haɗa bidiyo da AI sun fara taɓa irin waɗannan labaran. Idan wani ya yi Bayajidda mai na'urar ratsa zamani, ya dawo Daura ta yau ya tarar da famfo da kwalejin kimiyya, ni zan kalla. Sharaɗina ɗaya ne, ya rubuta a farko cewa ƙirƙira ce, kamar yadda ba wanda ya ga Mista Bin ya ɗauka shi ne na jerin. Matsalar tana farawa ne idan an yanke wannan rubutun, an tura a WhatsApp da taken "asalin tarihin da aka ɓoye muku".

Abu na ƙarshe, tunda mun ambaci Jos. A can aka yi Karkuzu, a Kaduna aka yi Samanja da wasannin Ƙasimu Yero. Duk wanda ke da ɗan'uwa a tsohuwar tashar talabijin, ya tambaye shi me ke cikin ɗakin ajiyarsu, da wanda ke riƙe da makullin. Wanda kuma kakarsa ke da nata Bayajiddan da ya saɓa da na makaranta, ya kunna rakodar waya ya naɗa yadda ta faɗa, kar ya gyara mata. Ku turo mana, za mu sa a shiri na gaba. Kashi na 3 na The Web of Fear dai bai dawo tare da 'yan'uwansa daga Jos ba, da hotuna da waccan muryar da masoya suka naɗa aka cike gurbinsa.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.