Wane tsohon keken ɗinki ya kamata a saya?

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Shirfa, cikin ƙasar Jado



Yau maganarmu a kan keken ɗinki take. Idan an yanke dabino kuɗi ya shigo hannu, da yawa cikinku suna so su sayi keke. Wannan shawara ce mai kyau. Tun shekarar 2014 da aka ga zinariya a ƙasar nan, baƙi suka yi yawa, aikin ɗinki da na faci ya ƙaru. Gwamnati ta rufe wurin haƙar a 2017, amma tufafi ba su daina yagewa ba.

Sai dai ku tuna inda muke. Tsakaninmu da Agadas akwai Tenere. Idan ƙaramin ƙarfe ɗaya ya karye, kuma babu irinsa kusa, keken ya zama kayan ɗaki. Kuɗin dabinon shekara ya tafi ke nan. Saboda haka ga magana ɗaya da za ku riƙe: ku sayi keken da ake samun allurarsa, da kwarkwaronsa, da ƙoshiyarsa. Suna da zanen zinariya a jiki ba su yin ɗinki.

Keken da ya kamata a saya

Kamfanin Singer ya fara aiki a Amurka a shekarar 1851. Cikin kekunan da ya ƙera akwai wani baƙi da ake kira lamba 15. An ƙera su da yawa ƙwarai a masana'antar Clydebank ta ƙasar Birtaniya, wadda aka rufe a 1980. Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasar Japan ta kwaikwayi wannan keke. Ƙasar Sin ma ta yi nata, shi ne Butterfly, mai hoton malam-buɗe-littafi. Duk gininsu ɗaya ne. Galibi kwarkwaron wannan yana shiga wancan, allurar wannan tana shiga wancan. Shi ya sa teloli daga Damagaram har Kano suka san gyaransa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yaya za ku gane shi? Alamu uku ne.

1. Ƙarfen da ke matse zaren sama yana can gefen hagu, a goshin keken, ba ya fuskantar mai ɗinki.

2. Ƙoshiyarsa zagayayyiya ce, ana sa hannu ƙarƙashi a ciro ta daga hagu.

3. Jikinsa baƙin ƙarfe ne mai nauyi. Maganaɗisu yana kama shi.

Na hannu ko na ƙafa? Na ƙafa ya fi sauri, kuma hannuwanka biyu suna kan tufa. Amma teburinsa yana da nauyi, ƙafafunsa suna iya karyewa a bayan babbar mota. Wanda ke zaune wuri ɗaya ya sayi na ƙafa. Wanda ke kai da komo tsakanin Jado da Dirku, na hannu ya fi masa.

Kekunan da za a bari

Na ɗaya, mai doguwar ƙoshiya kamar ƙwallon dabino. Singer 27, 28, 127 da 128 duk irin wannan ne. Suna ɗinki da kyau, amma dogon kwarkwaronsu yana da wuyar samu. Idan ya faɗi cikin rairayi ya ɓace, aiki ya tsaya.

Na biyu, mai haƙoran roba a ciki. Daga wajen shekarar 1965 aka fara sa wa wasu kekuna haƙoran roba maimakon ƙarfe, kamar yawancin waɗanda ake kira Touch & Sew. Roba idan ta tsufa ta sha zafi, fashewa take yi. Ka sa mai sayarwa ya buɗe sama da ƙasa, ka duba da idonka.

Na uku, wanda injinsa na lantarki ke manne cikin jikinsa, kamar Singer 15-91. Ba a sa masa igiya ko mariƙin hannu cikin sauƙi. Ban da haka, injin da aka yi don Amurka wutar 110 yake sha, mu kuwa tamu 220 ce. Ana sa shi zai ƙone.

Na huɗu, mai neman allura ta daban, kamar Singer 206, 306 da 319. Allurarsu ba ita ce ta kasuwa ba.

Singer 66 da 99 kekuna ne nagari. Amma kwarkwaronsu dabam yake da na lamba 15, ko da yake sun yi kama. Wanda zai saya, ya karɓi kwarkwaro da yawa tare da keken.

Ga amfanin karatunku

A nan ne bokon da kuka koya zai yi muku rana. Ku karanta abin da ke jikin takardar allura. Idan an rubuta 130/705H, ko HAx1, ko 15x1, ita ce ta keken gida. Kanta yana da gefe ɗaya shafaffe. Wadda aka rubuta DBx1 ta keken masana'anta ce, ku bar ta. Lamba 14 ta atamfa ce da shadda marar kauri. Lamba 16 da 18 na kaki ne da tufa mai ƙarfi.

Kafin ka biya kuɗi

Kada ka sayi keke cikin kwali ba ka gwada ba. Kada ka ba direba saƙo sai ka rubuta masa lambar a takarda. In da hali, ka tafi da tela. Ka riƙe ƙyallenka da zarenka, ka ɗinka ninki biyu, ka ɗinka ninki huɗu. Ka juya tufar ka dubi bayanta. In zare ya cukurkuɗe, ko keken yana tsallake ɗinki, ka nemi dalili. Ka girgiza sandar allura, kada ta yi lilo. Ka dubi jikin ƙarfen, kada a sami tsagewa. Datti da tsohon mai ba aibu ba ne, kananzir yana wanke su. Amma ƙarfen da ya tsage ba shi da magani. Araha ba ta ado.

Ranar da ka saya, ka haɗa da allura, da kwarkwaro, da ƙoshiya ta biyu, da igiyar fata, da kwalbar man keke.

Bayan ya zo gida

Babban maƙiyin keke a ƙasar nan ƙura ce. Ka rufe shi da zane duk lokacin da ka tashi. Ka share ƙarƙashin haƙora da gashin tsuntsu, sa'an nan ka ɗiga mai kaɗan. Kada a sa man gyaɗa, yana daskarewa ya kama ƙarfe. Kada a sa baƙin man mota, yana tara rairayi kuma yana ɓata tufafin mutane.

Wanda ya ji wannan magana ya karanta wa wanda bai zo ba. Mai tambaya kuma ya faɗa wa malamin ajinsa, a rubuto mana.

Allah ya sa albarka cikin sana'arku. Wassalam.