Abu Ali da Mutum Shidan da Aka Binne Tare da Shi

 

A daren Juma'a, 4 ga Nuwamba, 2016, mayaƙan Boko Haram suka auka wa sojoji a Malam Fatori, can ƙarshen Borno, inda kogi kawai ya raba mu da Nijar. A wannan artabu ne Allah Ya karɓi ran Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan bataliya ta 272 ta tankokin yaƙi. Shekararsa 36 kacal.

Ɗan gata ne, ku fahimce ni. Mahaifinsa tsohon janar ne, ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1990, daga baya ya zama Etsu na Bassa Nge a Jihar Kogi. Yaro irin wannan, a ƙasar nan tamu, da ya so kujera mai laushi a Abuja da ba ta gagare shi ba. Amma cikin tankar yaƙi ya yi suna. Waɗanda suka san halin da aka shiga a farkon 2015 ba za su manta da Baga ba: garin ya faɗa hannun 'yan ta'adda a Janairu, aka yi wa jama'a kisan gilla, masunta da 'yan kasuwa suka watse, wasu ta ruwa zuwa Chadi, wasu a ƙafa zuwa Maiduguri. A Fabrairu aka ƙwato shi, kuma Abu Ali, yana Manjo a lokacin, na sahun gaba. Wannan bajinta ce ta sa aka yi masa ƙarin girma tun lokacinsa bai yi ba, abokan aikinsa kuwa suna kiransa Sarkin Yaƙi.

To, ga abin da ya kawo ni gabanku. Ranar Litinin, 7 ga Nuwamba, da aka yi jana'izarsa a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, ba gawarsa kaɗai aka jera ba. Akwatuna bakwai ne, kowanne lulluɓe da tutar kore da fari, Musulmi da Kirista gefe da gefe. Hafsan sojin ƙasa na lokacin, Janar Tukur Buratai, sai da ya zubar da hawaye. Amma a cikin wannan zaure, wa zai iya faɗin sunan ko mutum ɗaya daga cikin shidan nan? Ni kaina sai da na koma na bincika, kuma na ji kunya. Su ma fa 'ya'yan wasu ne. An yi zaman makoki a gidajensu, matansu sun yi takaba, 'ya'yansu sun tashi marayu, ba jarida, ba kyamara.

Muna da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. A aza furanni, a saki tattabaru, kowa ya kama gabansa. Wannan ba ya biyan kuɗin makarantar maraya.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Idan kun koma unguwanninku, ku tambaya ko akwai gidan da ya rasa ɗa a fagen daga. Ku rubuta sunansa da shekararsa da inda ya faɗi, ku je ku gai da mahaifiyarsa, kada ku je hannu rabbana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.