Ina Ne Gidan Baƙo?

Tambayarmu ta yau ɗaya ce: wanda ya bar ƙasarsa, ina ne gidansa?

Marubuciya Leila Aboulela ta tashi a Khartum, daga baya ta koma Sikotilan da zama. A littafinta Minaret, juyin mulki ya kori wata yarinya mai suna Najwa daga Khartum zuwa Landan. An kashe mahaifinta, dukiya ta ƙare. Yarinyar da ake yi wa hidima ta koma aikatau a gidan wasu. Khartum ta yi mata nisa, Landan kuma ba ta rungume ta ba. Sai a masallaci, cikin sahun mata, hankalinta ya kwanta.

A ganina, marubuciyar ta taɓo gaskiyar zaman baƙunci. Mai ɗa a ƙasar waje, ka nemi littafin nan.