Jirgin Ƙasa a Kan Tebur: Sana'ar da Ke Jiran Jikokin Maƙera

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi)



Abin da zan yi magana a kansa yau, mai yiwuwa wasunku su ɗauke shi wasan yara, kuma ba zan musa ba, domin daga wasan yara ya samo asali. Da wuya a sami wani a ɗakin nan wanda bai taɓa fere karan dawa ya soka ɓawonsa cikin totuwa ya haɗa mota ba, ko kuwa bai lanƙwasa langa-langa ya tura ta a lungu ba. To, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, wannan sha'awa ba ta ƙarewa da ƙuruciya. Magidanta masu furfura suna shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, su kewaye shi da tashoshi da gadoji da gidaje, kowane abu bisa ma'auni. Kamfanoni irin su Märklin da Faller a Jamus da Hornby a Ingila sun daɗe suna cin abinci da wannan ciniki, kuma a birnin Hambog akwai wani gida da aka buɗe a 2001 wanda jama'a ke biyan kuɗi don kallon irin waɗannan jirage kawai.

Abin da ya sauya sana'ar shi ne na'urar yanka da hasken lesa. A da, mai son sayar da ƙananan gine-gine sai ya sa an ƙera masa mazubin ƙarfe na zuba roba, abin da sai babban kamfani. Yanzu mutum zai zana bango da ƙofa da taga a kwamfuta, ya shimfiɗa kwali ko siririn katako, hasken ya bi zanen yana ƙonawa, faɗin yankan bai kai rabin milimita ba. Sai a zuba gutsattsarin a ambulan tare da takardar bayani, mai saye ya haɗa da gam a gidansa. Watau kayan a shimfiɗe suke tafiya, kuɗin aikawa kaɗan ne, kuma ana iya yanka guda goma kacal a ga ko kasuwa za ta karɓa.

Sai mu zo kan ma'auni, domin nan ne aikin yake bambanta da motar kara. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87. Ƙofa mai tsawon mita biyu takan koma milimita 23, namiji tsayayye kuwa kimanin santimita biyu. Tsohon layin dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911 kuma aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930, faɗinsa milimita 1,067 ne, saboda haka a wannan ma'auni sai a nemi ƙaramin dogo mai faɗin milimita 12, wanda akwai shi a kasuwa. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, faɗinsa milimita 1,435, kuma idan ka raba da 87 za ka sami 16.5, daidai da dogon da ake sayarwa ko'ina. A tsarin wannan aiki akwai reshe daga Kano zuwa Dutse, kuma an sa wa Gaya tasha a kai. Tsohon layin Nguru ta Ringim ya bi, ya bar mu muna jin labarin jirgi daga bakin fatake.

To, me za mu yanka? A ganina, babban kuskure shi ne mu fara da kan jirgi. Yana bukatar ƙaramin inji da ƙafafun ƙarfe da aka daidaita ƙwarai, kuma masu yin su sun riga mu nisa. Kuskure na biyu shi ne mu kwaikwayi cocin Jamus da rumbun manomin Amurka, alhali kuwa kasuwa ta cika da su. Abin da ba su da shi, kuma ba za su iya aunawa daga can ba, shi ne namu.

Na fara da dalar gyaɗa, domin kamar don wannan na'ura aka yi ta. Dala jeri ne a kan jeri, kowane hawa ya ɗan fi na samansa faɗi. Haka za a yanka faifan kwali murabba'i, kowanne ƙasa da na baya, a zana bakin buhuna a gefensa, mai saye ya ɗora su ɗaya bisa ɗaya. Buhu mai tsawon mita ɗaya bai wuce milimita 11 da ɗoriya ba. Yawancinmu a hoto kawai muka ga dalar nan, domin fari da cutar gyaɗa sun kawar da ita a shekarun 1970, amma jirgin 1911 ne ya haife ta, kuma tebur ɗin da ke nuna Kano ba tare da ita ba bai cika ba. A gefenta sai taragon kaya, wanda akwati ne mai kusurwa huɗu, a sayo masa ƙafafu kurum. Haka nan ginin tasha mai rufin kwano da baranda, da tankin ruwa, da gadar ƙarfe, duk miƙaƙƙun layuka ne da na'urar ke yanka cikin sauƙi.

Inda wahalar take, kuma inda nake so mu daɗe muna tunani, shi ne ginin ƙasa. Na'urar nan abu shimfiɗaɗɗe take yanka, maginin Hausa kuwa bai san miƙaƙƙen layi irin na rula ba. Bangon tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, kusurwarsa a goge take da tafin hannu, zanko yana ɗan karkata yadda maginin ya ga dama. Idan ka yanka zaure da kwali huɗu ka manna, akwatin sabulu ka yi. Dabarar da nake ba da shawara ita ce a yanka ƙashin ginin kawai, a bar fatar ga hannu. Rumbu da ɗakin da'ira a yi su da zobba da ake ɗorawa bisa juna, soro a yi masa haƙarƙari, sannan a haɗa cikin ƙunshin ɗan ƙullin jar ƙasa da aka tankaɗe, mai saye ya kwaɓa da gam ya yaɓe da yatsa. Ta haka ba za a sami gida biyu masu kama ɗaya ba, kamar dai yadda abin yake a unguwa. Adon fuskar gida kuwa, irin dagi da sauran zane, hasken zai iya sassaƙa shi a kan kwali ba tare da ya huda ba, haka ma saƙar zana da darni da rumfar kasuwa.

Wa zai saya? Masu sha'awar a ƙetare suna nan, amma ni na fi sa rai ga na kusa: makarantun da ke koyar da zanen fasaha da tarihi, da baƙin da ke ziyartar Gidan Makama, da 'yan'uwanmu mazauna Legas da Jidda da Landan masu son abin da za su nuna wa 'ya'yansu. Wanda bai mallaki jirgi ba ma zai sayi zaure ya ajiye a kan kabad.

Kada in ɓoye muku matsaloli. Na'urar tana son wuta tsayayya, kuma bututunta da ruwa ake sanyaya shi, abin da zafin bazara ba ya taimakawa. Ƙurar hunturu tana zama a kan madubanta ta rage ƙarfin yanka. Damina tana lanƙwasa kwali, gara kuma ba ta raina shi. Akwai robar da ake kira PVC wadda idan aka ƙona ta take fitar da iska mai guba, kada a kusantar da ita. Kuma ba a barin na'urar tana aiki a tafi salla, domin wuta ce take yanka.

Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙa, kuma daga Gaya Abagayawa suka tafi Dala neman tama. Ba na kawo wannan don alfahari ba, sai don in ce aikin farko ba ya bukatar na'ura ko jari. Yana bukatar tef na awo da littafi da wayar ɗaukar hoto. Kowace damina tana rushe wani tsohon zaure a Gaya da Ajingi, a maye gurbinsa da bulo, kuma wanda ya faɗi ba a auna shi ba, ba mai iya yanka shi. Ina roƙon kowane ɗayanmu, a hutun nan mai zuwa, ya nemi izinin mai gida, ya auna gini ɗaya: tsawo, faɗi, kaurin bango a ƙasa da sama, da tsayin zanko. 'Yan'uwanmu masu karatun zanen gine-gine da injiniya a jami'ar Wudil su mayar da awon zane a kwamfuta, sannan mu kai gwajin farko wurin masu yanka allunan talla a Kano, mu biya kuɗin awa ɗaya.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini hannu.