Kwaɗo Ma'aikaci Ne a Gonarmu

Yau za mu yi magana a kan kwaɗo. Ba kwaɗon kulle ƙofa ba, ba kuwa kwaɗon zogale ba. Muna nufin mai tsallen nan da yake cika mana kunne da kuka in damina ta sauka.

Waɗansu sun ce daga sama kwaɗi suke faɗowa tare da ruwan fari. Ba haka ba ne. In kududdufi ya ƙafe, waɗansu kwaɗi sukan nutse cikin laka, waɗansu su shige rami ko gindin randa. Can suke kwance duk rani. Da ƙasa ta jiƙa sai su fito.

Kukan nan da muke ji da dare, maza ne suke kiran mata. Macen takan zuba ƙwai cikin ruwa, wata ɗaruruwa, wata dubbai. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ɗan yakan fito da wutsiya, ba ƙafa, kamar ɗan tarwaɗa. Cikin ruwa yake numfashi kamar kifi. Sannu a hankali ƙafafun baya su fito, sa'an nan na gaba. Wutsiya ta shanye, ya hau tudu. Ku lura, in ruwan ya ƙafe ko ya ɓaci kafin ƙafafu su fito, duk 'ya'yan sun mutu.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatarsa ruwa yake shiga jikinsa. Da fatar kuma yake yin wani sashe na numfashinsa. Saboda haka duk abin da muka zuba a ruwa, ya shiga jikin kwaɗo.

To, ina amfaninsa gare mu? Abincinsa ƙwari ne: fara, da tsutsa, da shinge, da ƙuda. Dare ɗaya yakan haɗiye da yawa. A fadamun shinkafa na ƙasar Jahun da Miga, da lambunan Dutse da Kiyawa, aiki yake yi mana, ba ya neman lada. 'Ya'yan burduddugi kuma suna cin tsutsar sauro a cikin ruwa. Shi kansa kwaɗo abinci ne ga shamuwa da zalɓe da manyan kifi. In ya ɓace, su ma sun taɓu.

Abu uku ne suke rage kwaɗi a ƙasarmu.

Na fari, maganin feshi. Mutum ya gama feshin ciyawa ko na ƙwari, ya wanke tankinsa a bakin kududdufi, ya jefa kwalbar ciki. Ya kashe kwaɗi. Daga ruwan nan kuma shanu suke sha, a nan yara suke wanka.

Na biyu, ƙarancin ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tun daga nan ambaliyar da take shayar da fadamun Kogin Haɗeja ta sāke. A cikin gari kuwa, tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, gine-gine sai ƙaruwa suke yi, ana cike kududdufai ana ɗora gidaje.

Na uku, kamu. A wajajen Haɗeja kama burduddugi sana'a ce. Ana kamawa da dare, a busar, a cika buhu, a kai kasuwannin kudu. Mutane da yawa da ita suke ciyar da iyali. Ba mu raina sana'ar kowa ba. Amma wanda ya kwashe uwa tun ba ta zuba ƙwai ba, me zai kama baɗi? Daidai yake da manomin da ya cinye irinsa da bazara.

Ga abin da ya sami waɗansu. Ƙasar Indiya ta daɗe tana sayar wa Turai da Amurka cinyoyin kwaɗi. Kwaɗi suka ragu a gonakin shinkafa. Masana suka yi kashedi cewa ƙwari za su yi yawa, kuɗin magani ya ƙaru. A 1987 gwamnatin Indiya ta hana fitar da su. Maƙwabciyarta Bangaladash ta bi sahu a 1989. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin kuwa ya game duniya. A 2023 masana sun fito da sakamakon binciken da suka yi a kan kwaɗi da danginsu, iri fiye da 8,000. Sun sami 41 cikin 100 suna cikin haɗarin ƙarewa. A cikin dabbobi masu ƙashin baya, ba waɗanda suka kai su shiga haɗari. Dausayin Baturiya na jiharmu ya shiga jerin dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye a 2008. Amma takarda ba ta tsare ruwa, sai mutanen da suke zaune a bakinsa.

To, me za mu yi? Ga abu biyar, ba wanda yake cin kuɗi.

1. Kada mu wanke tankin feshi a kududdufi ko rafi. Mu ɗebi ruwa, mu yi nisa, mu wanke a kan tudu.
2. Mu karanta rubutun jikin kwalba, mu auna yadda aka ce. Ga amfanin karatun da muke koyo. In ya shige mana duhu, mu tambayi malamin gona.
3. Masu kamu su dakata a farkon damina, lokacin zuba ƙwai. Su bar ƙanana su girma.
4. Mu hana yara jifan kwaɗi don wasa. Malamai sun kawo hadisi a littafin Abu Dawuda, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wani mai magani kashe kwaɗo.
5. Mu daina zuba shara da leda da baƙin mai a kududdufin gari. Mu zauna da mai unguwa da dagaci a sa doka.

A daminar bana kowa ya je bakin kududdufin garinsu bayan isha'i, ya kasa kunne. Kowane irin kwaɗo da muryarsa. Ku ƙirga murya nawa kuka ji, ku rubuta a littafinku da kwanan wata. Baɗi ku sake. In muryoyi sun ragu, ruwanku ne yake gaya muku ba shi da lafiya. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Tambayoyi

1. Ina kwaɗi suke zama da rani?
2. Don me maganin feshi yake saurin kashe kwaɗo?
3. Wane abu cikin biyar ɗin nan za ku fara yi a garinku?