AMSOSHIN WASIƘUNKU: Zanen Gini Da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

 

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai fataucin rake a Makarfi. Ya ce ya sayar da bijiminsa ya saya wa ɗansa kwamfuta, bayan yaron ya koyo zanen gine-gine a Zariya. Aiki ya fara shigowa. Wani a Ikara yana son zanen shaguna, wani manomi kuma a Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan yana son na sito. To amma yaro sai ya kwana huɗu a kan zanen ɗaki uku. Ran nan ma birkila ya dawo da wani zane ya ce awon bai hau filin ba, bayan an riga an haƙa harsashi. Alhaji yana tambaya, shin na'urar ce ba ta da kyau, ko kuwa yaron ne bai iya ba?

To Alhaji, mun gode, Allah ya yi wa yaro albarka. Na'ura dai lafiyarta ƙalau. Yaron ma ya iya, sai dai yana riƙe da ita kamar fensir. Lokacin da muke kwalejin horon malamai, da allo da rula da fensir muka ga ana zane, in an yi kuskure sai a goge, wani lokaci a sake takarda. Manhajar da ka ce yana aiki da ita, wato AutoCAD, kamfanin Autodesk na Amurka ne ya fito da ita a 1982 don maganin wannan wahala. Sirrinta biyu ne: a ba ta awo na gaskiya, kuma kada a zana abu ɗaya sau biyu. Kira yaron ya matso kusa da rediyo.

Da farko, yaro, awo. Kada ka yarda da "filina hamsin ne da ɗari" na fatar baki. Ɗauki tef ka je da kanka. Mu nan da ƙafa muke awo, su kuwa masu zane da mita da milimita. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 shi ne mita 15.24 da 30.48. In ka buga 50 kana nufin ƙafa, na'ura kuma ta ɗauka mita ce, ka ba mutum fili mai tsawon da ya ninka nasa fiye da sau uku. Sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. In fulotin a miƙe yake, za ka sami ƙafa 112 ba kaɗan. In ka sami wani abu daban, to filin a karkace yake, kuma haka za ka zana shi. A cikin na'ura ka zana komai da ainihin girmansa. Sai an zo bugawa a takarda ake ƙanƙanta shi, santimita ɗaya ta tsaya a madadin mita ɗaya.

Na biyu, dubi mai buga bulo. Ba ya ƙera sabon mazubi don kowane bulo. Kai ma zana ƙofa ɗaya, taga ɗaya, ka ajiye su da umarnin da ake kira BLOCK, duk inda kake bukata ka ɗauko ka dasa. Mutumin Ikara shago goma yake so? Zana ɗaya ka gyara shi tsaf, ka maimaita shi da COPY. In akwai layin da ke fuskantarsa, MIRROR zai juya maka shi kamar a madubi. Gobe in ya ce a faɗaɗa ƙofofi, ɗaya za ka gyara, sauran duk su bi.

Na uku, ɗan kasuwa ba ya zuba masara da dawa a buhu ɗaya. Manhajar tana da hawa-hawa da ake ce wa LAYER. Bango da hawansa, ƙofofi da nasu, lambobin awo da nasu, wayar lantarki da nata. Ranar da birkila ya zo, sai ka kashe na waya ka buga masa abin da ya shafe shi kawai.

Na huɗu, bar yawon neman hotuna da linzami. Hannun dama a kan linzami, na hagu a kan madannai. Harafin L na jan layi, TR na datse abin da ya wuce. Bangon bulo mai inci tara kaurinsa milimita 225 ne. Ja layi ɗaya, danna O, rubuta 225, sai ga ɗaya gefen bangon ya fito. F8 na hana layi karkacewa, F3 kuma na sa bakin layi ya kama ɗan'uwansa daidai. Kada ka auna da ido, rubuta lamba.

Na biyar, ka san halin wuta a wajenmu. Duk 'yan mintoci ka danna Ctrl da S, da yamma kuma ka kwafe aikin a filas. Ka tanadi fanko guda wanda ka riga ka shirya wa ma'auni da hawa-hawa da gurbin sunan mai gini, kowane sabon aiki ka fara daga kansa.

Ku kuma masu ba da aiki, ga naku. Ku ce a ƙidaya maku bulo daga zanen. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kamar goma. Sito mai tsawon mita 6, faɗi 4, tsayi 3, bangonsa murabba'in mita 60 ne, wato bulo wajen 600, ban da na harsashi, kuma kafin a cire gurbin ƙofa. Wanda ya san wannan ba a yi masa kan-ta-waye. Ku zauna gaban na'urar a nuna maku, a kira uwargida ta ga inda madafa za ta zauna. Matsar da bango a kwamfuta kyauta ne, amma in siminti ya bushe sai da guduma da kuɗi.

A kuma sani, zane ba takardar mallakar fili ba ce. Wannan aikin hukumar KADGIS ne a jiharmu ta Kaduna, iyaka kuwa safiyo ke tabbatar da ita. In bene za a yi, lalle injiniya mai rajista ya duba lissafin rodi, domin rayukan mutane ne a ciki.

Alhaji, bijiminka bai tafi a banza ba. A ba yaro wata guda yana bin waɗannan, sannan ka sake rubuto mana mu ji labari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.