Ƙasar Kwari da Lafiyar Dabba: Jawabi ga Makiyaya da Manoman Sukukutane

 

Na san wani zai ce a ranshi, mi ya haɗa malamin dabbobi da zancen ƙasa? Aikinshi allura da dandaƙa. To ku yi mini haƙuri. Na haura shekara 20 ina buɗe bakin saniya ina duba kofaton tunkiya, kuma abin da na lura shi ne, cuta da yawa daga ƙasar da dabba ke takawa take ɗauko su, ƙiba ma daga nan take.

Kun san babban kwarin Arewa, Dallol Mauri, wanda ya bi ta Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri har ya kai gulbin Kwara wajen Gaya. Tsohon gulbi ne da ya bar gudu tun shekaru dubbai. Abin da ya bar muna shi ne ƙasar da ya shimfiɗa da ruwan da ke kwance kusa a ƙarƙashinta. Ƙananan kwaruruwan da muke da su nan haka sunka samu: korama ta kwaso ƙasa daga tudu, ta zo ta zube ta a shimfiɗe. Wanda ya taɓa ginar rijiya cikin kwari ya gani da idonshi, rairayi, sai laka, sai rairayi kuma, hawa-hawa. Kowane hawa ambaliyar wata shekara ce.

In ka sauko daga tudu zuwa gindin kwari, ƙasa iri huɗu za ka taka. Fako da tsakuwa a sama, inda ruwa ke gudu bai shiga. Jigawa, mai shan ruwa nan take amma ba ta riƙe shi. Can ƙasa laka, wadda ke riƙe ruwa har ya yi yawa, ta tsage da rani. Waɗannan kowa ya san su. Ta huɗun nike so mu tsaya a kanta, wadda ke tsakanin jigawa da laka. Ni turɓayar kwari nike ce mata. Wani gari da sunan da suke kiranta, sunan ba shi ne damuwa ba.

Masana sun raba ƙasa gida uku bisa girman ƙwayarta: rairayi, da mai laushi kamar garin gero, da yumɓu. Turɓayar kwari ta ainihi ta haɗa duka ukun, wajen kashi 40 cikin 100 rairayi, 40 mai laushi, 20 yumɓu. Tamu ta nan rairayinta ya kan fi haka yawa, amma halin ɗaya ne: ta sha ruwa, ta ɗigar da na banza zuwa ƙasa, ta ɓoye saura don saiwa. A tsarin da hukumomin FAO da UNESCO sunka fitar a 1974, ƙasar da ambaliya ta shimfiɗa hawa-hawa sunanta Fulubisol, jigawa kuwa Arenosol. Na faɗi sunayen ne kawai don in kun ji su bakin ma'aikatan INRAN kada ku ɗauka wani sabon abu ne.

Ƙaƙa za ka gane ta? Ba sai da na'ura ba. Ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ka jiƙa ta kaɗan, ka murza. In ta ƙi dunƙulewa, jigawa ce. In ta yi igiya doguwa har ka lanƙwasa ta ta zama zobe ba ta karye ba, laka ce. In ta dunƙule, ta yi igiya kamar tsawon yatsa kana ta tsinke, to ka samu turɓaya. Sannan ka gina rami kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa, ya tsotse, ka sake cikawa. In da safe ka zuba, kafin la'asar ya kamata ya tafi. In ka dawo washegari ruwa na nan, wurin ba ya ɗigar da ruwa. Ka duba launin bangon ramin kuma. Ja ko ruwan ƙasa alamar iska na shiga ce. Toka-toka mai ɗigon tsatsa, ko da rani ka gan ta busasshiya, tana gaya maka ruwa na kwana nan da damina. Itatuwa ma shaidu ne: inda gawo da kalgo sunka yi ƙarfi ka yi zaton alheri, inda sai geza da sabara a kan tsakuwa ka san ba nan ba ne.

Yanzu ga inda zancen ya shafi garke. Tsutsar hanta ba ta wucewa daga saniya zuwa saniya kai tsaye. Sai ta bi ta cikin wata 'yar katantanwa da ke zama a tabkin da ke daɗewa bai ƙafe ba, ta fito ta manne ga ciyawar bakin ruwa, dabba ta ci. Bayan 'yan watanni sai ka ga rama, ido ya yi fari, haɓa ta kumbura. A ƙasar da ruwa ke tsotsewa cikin yini ɗaya katantanwar ba ta da wurin zama. Haka ruɓewar kofato ga tumaki: tsayuwa cikin taɓo ke kawo ta. Saboda haka in damina ta zauna, a kafa turke da makwancin dabbobi a jigawa ko turɓaya, a bar laka sai ta bushe.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce saifa. Ƙwayar cutar ga tana iya kwanciya cikin ƙasa shekaru gommai tana jira. Wata shekara anka kira ni wani ƙauye, shanu uku sun faɗi cikin kwana biyu, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, bai daskarewa. Da na matsa da tambaya sai wani tsoho ya tuna cewa tun yana saurayi an taɓa feɗe wata saniya da ta mutu haka nan a wannan gangaren. Ruwa ke wanke ƙwayar daga inda jini ya zuba ya tara ta a gindin kwari, dabba ta zo farkon damina tana tsintar ɗanyar ciyawa har da ƙasa. Don Allah, dabbar da ta faɗi farat ɗaya kada a feɗe ta, kada a ci, kada a ja fatar zuwa kasuwa, don cutar na kama mutum. A ƙone ta, ko a binne ta rami mai zurfin mita 2 a tudu, nesa da rijiya da hanyar ruwa. A aiko muna da labari ran nan, akwai allurar rigakafinta.

Abinci kuwa, nan ne turɓaya ta yi zarra. Wake da gyaɗa suna ba da harawa mai yawa a kanta, gamba na tsayawa shekara da shekaru, gawo na zubo 'ya'ya tsakiyar rani lokacin da daji ya ƙare. Da rani kun ga yadda mutanen Dogon Dutsi ke fitar da dankalin turawa daga cikin kwari. Sai dai kada mu ruɗi kanmu, ƙasar Nijar gaba ɗaya tana da ƙarancin sinadarin fosfor. Saniyar da ka ga tana tauna tsohon ƙashi, shi take nema, kuma kanwa ba ta ba da shi. Dusa da dutsen lasa mai fosfor za ka nema mata. Gonar kuma taki take so. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa manomi ke ba Bafillace damin gero don shanunshi su kwana a gonarshi bayan girbi. Ni a ganina barin wannan al'ada hasara ce ga duka biyun.

Turɓayar nan tana lalacewa a gabanmu. Tun farin 1973 da na 1984 tudu ya yi tsirara. Ruwan da a da ciyawa da itace ke tarewa yanzu gudu yake da ƙarfi, ya yanka korama, ya kwaso ɗanyen rairayi ya binne ƙasa mai kyau. Gonar da ke gindi ba ta iya kare kanta, gyaran a sama yake: jeren duwatsu a kan fako, ramukan rabin wata, da barin sabara da kalgo su tofo maimakon a tuge su. Inda garke ke cunkushewa wuri ɗaya kuma, kofato na danne ƙasa, ciyawar kirki ta ɓace, garmani ya mamaye, ga shi dabba ba ta damu da shi ba. A cire shi tun bai yi iri ba.

Cunkoson kuwa daga ina yake zuwa? Daga toshe burtali. Ƙasar kwari kowa na sonta, manomi na ƙara kunya ɗaya bana, biyu baɗi, har hanyar mashaya ta zama siririya. Nan rigima ke tashi, kuma ba mu manta da rayukan da anka rasa a Toda, cikin jihar Maradi, a 1991 ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ce burtali da makiyaya dukiyar jama'a ce, ba a noma su. Makiyayi shi ma bai da izinin sakin dabba cikin gona kafin hukuma ta sanar da ranar buɗe gonaki. Wanda ya ga an ci burtali, ko an yi mishi ɓarna, ya kai magana gaban Maigari da hukumar filaye ta kwamin, wadda ake kira Kofo, kafin a ɗauki sanda.

Na zo da ƙasa iri uku cikin ƙwarya, ga buta da ruwa. Garso, bismilla, kai za ka fara murzawa ka gaya wa jama'a wacce ce wacce.